Tukunyar da Ke Bayan Gadon Inna

Ina tsugune bakin murhu ina kankare ƙanzo daga gindin tukunya sa'ad da na ji muryar Kawu Arzika a ƙofar gida. Ƙanen mahaifiyata ne, kuma bai saba zuwa Filinge ba sai ranar kasuwa. Ranar kuwa ba kasuwa. Na fita da ruwa a ƙwarya, bai karɓa ba. Ya tsaya riƙe da igiyar jakinsa yana duban ƙasa.

"Tani," ya ce, "Innarki ta tahi. Shekaranjiya munka kai ta makwancinta."

Na tambaye shi ko ya ci abinci. Abin da ya fito daga bakina ke nan. Na koma na ƙarasa kankare tukunyar, na wanke ta, na kife ta, sannan na zauna a ƙasa na rasa abin da ake yi bayan wannan.

Ku 'ya'yana kun taso kuna jin cewa gado ne ya shiga tsakanina da ƙanwata Dela. Ba haka ba ne. Inna ba ta bar abin da mutum biyu za su yi faɗa a kansa ba. Zan faɗa muku abin da ya faru yadda na san shi, ko da yake akwai wuraren da har yau ni kaina ban gane ba.

Ina da shekara shida aka ba gwaggona riƙona, aka kawo ni Filinge daga ƙauyenmu na wajen Tabla. Mijin gwaggo ɗan kasuwa ne, Musulmi, a gidansa na koyi salla, daga gidansa kuma aka kai ni ɗakin ubanku, Malam Isufu tela. Dela ita ta zauna wurin Inna. Mutanen gidanmu na ƙauye a lokacin suna kan abin da kakanninsu suka bar musu, suna da iskokinsu da yankansu, ni kuwa ban san komai a ciki ba sai abin da matan birni ke faɗi suna taɓe baki. Inna na san ta ne a kasuwa. Bayan wata biyu ko uku takan zo da kuka da daddawa ta sayar, in ta gama ta aika a kira ni, mu zaga tare. Ba ta taɓa zaunar da ni ta yi mini nasiha ba. Abu ɗaya ta koya mini, shi ne yadda ake zaɓen tukunya da wuƙa, kuma ta koya mini shi da kyau.

Mukan fara da layin masu tukwane. Ni idona kan tafi kan masu jan baki da zane a wuya, sai ta ja ni baya.

"Ke, ɗauke idonki ga zanen nan. Zane za ki dahwa?"

Sai ta ɗauki tukunya da hannun hagu, ta tallabe ta a tafin hannu ba tare da ta matse ba, ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa cikinta. Ta sa ni in kara kunne. Wadda ta gasu sosai amonta siriri ne, yana daɗewa. Wadda wuta ba ta ratsa ba takan amsa a daƙile, kamar an bugi kabewa. Mai ɓoyayyar tsaga kuwa tana da wata 'yar rawar murya a ƙarshe, wadda sai wanda ya saba yake ji. Daga nan ta ɗaga ta wajen rana ta leƙa ciki, ta shafa gindin da hannu biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, don ta ji ko kaurin ya yi daidai, saboda inda ya fi siriri nan miya ke kamawa. Ta kife bakin a kan faifai ta ga ko ya zauna. Sai ta ajiye, ta ɗauki wata. Akwai wata mai tukwane 'yar garin Damana da ba ta ƙaunar ganinmu.

"Baiwar Allah, in ba ki saye ki bar mini kayana. Ba ganga na kawo ba."

"In ta ji tsoron yatsana," in ji Inna, "ƙaƙa za ta yi da muciya?"

A wurin maƙera ma haka. Ba ta duban ƙyalli. Ta fi son baƙin ƙarfe mai nauyi a baya, wanda ya sirance a hankali har zuwa baki. Takan juya ƙotar ta ga ko ƙarfen ya ratsa itacen har ya leƙo ta gindi, in bai leƙo ba ta mayar. Ta ɗora bakin a karkace kan farcen babban yatsanta, ba ta ja ba, ta tura shi kaɗan kawai. In ya kama farcen, wuƙa ce. In ya zame, sai ta ce wa maƙerin ya kai wa yara su yi wasa. Kafin mu rabu takan tuna mini cewa sabuwar tukunya ba a fara ta da miya, sai an dafa ruwan dusa a ciki ya toshe ƙofofinta. Wannan shi ne duk abin da nake da shi na uwata. Shi na ɗauka na tafi da shi makokinta, kuma abin da nake so a raina ɗaya ne: mutanen ƙauyen, Dela a gabansu, su ga cewa ni ma ɗiyar Inna ce.

A shekarun nan Turawan Faransa ba su tafi ba tukuna, mota tana kawo kaya daga Yamai zuwa wani kanti kusa da gidan kumandan, Baturen mulki. Malam ya ce kada in je hannu wofi. Ya shiga kantin ya sayo mini wuƙa mai farin ƙarfe, tana ɗaukar ido, da rubutu a jikinta. Da na riƙe ta na ji ba ta da nauyi, na duba gindin ƙotar ban ga ƙarfe ba. Na yi masa godiya na sa ta cikin kaya. Washegari muka kama hanya da Kawu.

Na tarar da Dela ta rame. Wata huɗu ta yi tana jinyar Inna ita kaɗai, ba wanda ya aiko mini, ni ma ban tambaya ba. Ta karɓe ni, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kira ni Yaya yadda ya kamata. Amma in mata suka zo gaisuwa wurinta suke durƙusawa, ni kuma su ce, "Sannu da hanya, matar malam." Kamar baƙuwa ce ta zo taya su zaman makoki. Na yi kwana uku ina zaune ana kawo mini fura.

Ranar bakwai ana sa ran mutane daga ƙauyukan kewaye. Da sassafe Kawu ya yanka akuya ya feɗe, mata suka taru suna rabon aiki. Ban jira an ba ni ba, na ce miya tawa ce. Suka dubi juna. Na ciro wuƙar kanti na zauna gaban nama. Tsoka ta yanku da ƙyar, da na kai ga haƙarƙari na danna, sai ƙarfen ya fita daga ƙota ya faɗi cikin ƙasa, ni kuma na tsaya riƙe da itace. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ɗauki ƙarfen ta juya shi.

"Wagga ita ce yuƙar Nasara? Hala naman Nasara ba shi da ƙashi."

Suka yi dariya, a gidan makoki, har da masu rufe baki da zane. Dela ba ta yi ba. Ta ce in bari ta dawo daga rijiya ta aro mini wata. Rijiyar ƙauyen tana da nisa kuma tana da zurfi, zuwa da dawowa yakan cinye hantsi. Rabin matan suka bi ta da tuluna, sauran suka ɗauki hatsi suka tafi gidan maƙwabta inda turame suke. Aka bar ni ni kaɗai da nama. Na ɗauko tukunyar miyar gidan na ƙwanƙwasa, na ji rawar muryar nan a ƙarshe. Na zuba ruwa, ga shi yana tsattsafowa ta gefe. Da ita suka yi ta girki suna liƙe tsagar da tuwo.

Sai na shiga ɗakin Inna. Tun zuwana ban shiga ba. Tukwanenta suna jere a jikin bango, na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Wannan ta yi ƙanƙanta, wannan bakinta ya gutsure, wannan ta kanwa ce. A bayan gadon kara, a kusurwa, na hangi wata a kan gammo, an rufe ta da faifai. Na jawo ta. Ba ta da zane ko ɗaya. Na tallabe ta na ƙwanƙwasa, amon ya tashi ya cika ɗakin ya daɗe bai mutu ba. Ban taɓa jin irinsa ba, ko a kasuwa tare da Inna. Kaurin gindinta daidai yake ko'ina. A sama da ita, cikin jinka, an soke wani abu naɗe da baƙin ƙyalle. Na warware, wuƙa ce, baƙin ƙarfe, ya ratsa ƙota ya leƙo. Na ɗora ta kan farce ta kama.

A nan zan faɗa muku gaskiya. Gindin tukunyar ba shi da baƙin hayaƙi, ga ta kuma tsohuwa. A cikinta akwai busassun saiwoyi da farin yashi. Wani abu ya taɓa zuciyata a lokacin, ban tsaya na saurare shi ba. Na ce wa kaina magani ne Inna ta jiƙa ya bushe, tukunyar kuma ta ajiye ta ne don babbar rana, ga babbar rana ta zo. Shekara da shekaru ina tambayar kaina ko na sani. Wani lokaci in ce ban sani ba, yaya zan sani, wa ya taɓa gaya mini? Wani lokaci kuma in tuna yadda na leƙa ƙofa kafin in fito da ita.

Na zubar da saiwoyin gindin darni. Na wanke ta da toka. Na nemo dusa na dafa ruwanta a ciki tukuna, yadda aka koya mini, ina jin daɗi cewa ban manta ba. Wuƙar ta bi ta cikin naman akuyar nan ba tare da na sa ƙarfi ba. Na sa nama, na sa daddawa da gishiri da tonka mai yaji. Ƙanshi ya cika gidan. Ina zaune ina gyara wuta, raina a kwance karo na farko tun zuwana, sai ga su sun dawo.

Dela ce a gaba. Ta tsaya. Ta sauke tulunta a hankali, ba ta zubar da ko ɗigo ba. Idonta ba a kan tukunyar ya fara sauka ba, a kan wuƙar ne, tana kan faifai da kitse a jikinta.

"Yaya, ina kinka ɗauko wagga?"

"A ɗakin Inna. Ta gidan ta tsage, shi ya sa na..."

"Abin da ke ciki hwa?"

Na nuna mata gindin darni. Kaji sun riga sun tone wurin. Ta je ta durƙusa tana tsince saiwoyin ɗaya ɗaya tana zubawa a bakin zanenta. Tsohuwar da ta yi mini ba'a da safe ta ɗora hannu biyu a ka ta juya ta fita. Da sun zage ni da na san abin yi.

Kawu Arzika ne ya ja ni bayan rumbu ya yi mini bayani. Ya ce tukunyar ta Doguwar gidanmu ce, iskar da ke tsaron gidan da gonarsa. Daga kakar Inna ta zo hannun uwarta, daga nan ta zo hannun Inna. Ba ta hawa murhu, gishiri ba ya shiga cikinta. Wuƙar kuma sau ɗaya take fita a shekara, kafin shuka, a yanka baƙar akuya da ita a mayar. A ranar nan ta bakwai, bayan baƙi sun watse, ake shirin danƙa wa Dela su biyun. Tun tana yarinya Inna ke shirya ta don wannan.

"Yuƙa da sauƙi," ya ce. "Maƙeri shi mai da ta wuta, ta hito sabuwa. Tukunya kau ta mutu."

"Kawu, ita ma ai da wuta aka gasa ta."

"Waccan wuta daban."

"Mene ne bambancin?"

Ya dube ni da tausayi. Aka ɗauki miyar da tukunyar aka fita da su bayan gari aka binne. Mutanen da suka zo bakwai ɗin uwata suka ci tuwo da miyar kuka ba nama. Kowa ya san dalili.

Kafin in tafi na tambayi Kawu ko akwai gyara. Ya ce akwai. Wadda ta ɓata ita za ta zaɓo sabuwar tukunya da ba ta taɓa hawa murhu ba, ta ɗauko ta a kanta tun daga bakin gari, ta shigo da ita ɗakin, ta durƙusa ta ajiye a kan gammon, ta ce ta yi kuskure. Sauran aikin nasu ne. Amma a yi kafin ruwan shuka. Na je yi wa Dela sallama tana shara. Ta ce Allah shi kai ni lafiya, ba ta ɗago ba.

Na gaya wa ubanku komai. Yana kan kekensa na ɗinki, ya tsayar da ƙafa ya saurara har na gama. Mutum ne mai sanyin hali, kun san shi.

"Tukunya kam ki saya mata goma in kina so," ya ce. "Durƙuson ne. Wa za ki durƙusa wa, Tani? Ƙanwarki ko abin da ke cikin ɗakin?"

"Ban sani ba, Malam."

"To ni ban hana ki ba. Ban kuma aike ki ba."

Ya ci gaba da ɗinki. Da ya hana ni da na sami wanda zan ɗora wa. Da ya ce je ki da na tafi. Sai ya bar ni da abina. In na tsaya salla sai in ji kamar ina shirin yin abin da zai rushe ta. In na idar sai in ga Dela durƙushe gindin darni tana korar kaji.

Kowace ranar kasuwa na riƙa zuwa layin masu tukwane. Nakan ƙwanƙwasa ashirin, talatin, in dawo ba ko ɗaya. Na ce wa kaina ba zan kai musu abin da bai kai waccan ba. Amon nan yana kunnena, kuma ba wadda ta kusa da shi. 'Yar Damana ta gane ni.

"Ke ma kin gado ta? Uwarki dai in ta gama kiɗanta takan sayi guda."

Wannan ma wuri ne da ban gane ba. Gaskiya ne ban sami irinta ba. Gaskiya ne kuma duk ranar da na dawo hannu wofi nakan ji wani nauyi ya sauka daga kaina. Ana haka hadari ya haɗu ta gabas, ruwa ya sauka, aka yi shuka a gonar gidanmu ba tare da yanka ba. A tsakiyar damina ruwan ya ɗauke kwanaki da yawa. Gonaki da dama sun ƙone a ƙasarmu ta Kurfai a shekarar, ba tamu kaɗai ba, amma a ƙauyenmu sunana aka kira.

Bayan kaka, wata ranar kasuwa, ina tsugune da tukunya a hannu na ji an tsaya a kaina. Dela ce. Ta zo sayen kayan ɗakinta, za a kai ta gidan miji a Imanan, ba wanda ya gaya mini. Ta dube ni ina ƙwanƙwasawa.

"Har yanzu ba ki samu ba, Yaya?"

"Ba mai amon waccan, Dela. Na duba, wallahi na duba."

"Wa ya ce miki amo muke so? Ko mai tsaga ce ki kawo. Inna ta ce waccan ma kakarta ba zaɓenta ta yi ba, ita ce ta rage ga mai ginin tukwane." Ta gyara goyon kayanta. "Ke nike jira ki shigo da ita. Ko da na tashi, ɗakin shina nan, Kawu na kula da shi. Ki aiko, in zo."

Na ce mata zan zo. Na ce bari in sauka, don ina da cikin babbanku a lokacin. Na roƙe ta ta bari in zaɓa mata tukunyar miya da wuƙa na aure, ta yarda. Muka zaga tare kamar yadda muke yi da Inna, na zaɓa mata masu kyau, a wurin maƙera har ta yi murmushi da na ɗora wuƙa kan farce. Da ta tafi na koma wurin 'yar Damana na sayi wata tukunya marar zane, ban ƙwanƙwasa ta ba, na kawo gida na sa a ƙarƙashin gado.

Na haihu. Na yi jego, na yaye, na sake haihuwa. Faransa suka tafi. Kawu Arzika ya rasu, damina ta kayar da ɗakin, 'ya'yansa suka shiga salla suka gina wani a wurin. Ni da Dela muka ci gaba da gaisawa a biki da makoki, tana kirana Yaya, tana aiko muku da gujiya. Ba ta sake tayar da maganar ba, kuma ba ta taɓa cin abin da na dafa ba. In ta zo gidana sai ta ce ta ƙoshi, ta sha ruwa. Wani da ya je Imanan ya gaya mini wuƙar da na zaɓa mata tana hannunta har ta sirance da wasawa.

Bara aka rufe Dela. Tukunyar tana ƙarƙashin gadona, ba ta taɓa hawa wuta ba. Ban kai ta ba.